Ƙanzon Kwalta

Watannin baya aka zo sabunta titin da ya wuce ta ƙofar gidana a nan Talata Mafara. Na fito da tabarmata kamar kullum, sai na tarar da injuna uku sun yi layi, ɗaya na zuba kwalta, ɗaya na shimfiɗawa, ɗaya na bi yana dannewa. Samarin da ke tuƙa su suna zaune can sama cikin inuwa, ɗaya ma har da waya a kunne. Kafin azahar sun gama abin da mu a zamaninmu sai mu yi wata guda muna fama da shi. Jikokina suka toshe hanci suka ruga cikin gida, wai wari. Ni kuwa sai na matsa kusa na tsaya ina shaƙa, har mai tsare hanya ya ce, "Baba, ja baya kar ta ƙona ka." Na yi dariya na ja baya. Ina zai san na dafa kwalta da hannuna tun ba a haifi ubansa ba?

Ni mutumin Bakura ne, kuma mahaifina gyartai ne, wato mai ɗinkin ƙwarya. Yaran yanzu ba su san sana'ar ba, don roba in ta fashe jefarwa ake yi. A da kuwa ƙwarya ɗaya sai ta yi wa mace shekara goma, duk inda ta tsage a kawo wa Baba. Da sautin aikinsa na tashi: ƙaran basilla tana huda ƙwarya, da jan zaren kaba, da ɗan tsakin da yakan yi in ya ga an bar tsaga ta yi nisa kafin a kawo. Ba mai yawan magana ba ne. In ya gama ɗinki sai ya cika ƙwaryar da ruwa ya ɗaga ta sama yana kallon gindinta, in ɗigo ɗaya ya fito sai ya warware ya sake. Ya so in gaje shi, kuma ya koya mini har hannuna ya fara faɗawa. Amma da gemu ya fara fito mini sai na ji ana ɗaukar leburorin hanya a Mafara, zuciyata ta tafi can. Ranar da na faɗa masa bai ɗago kai daga ɗinkinsa ba. Ya ce, "Tahi. Allah shi ba da sa'a." Daga nan tsakaninmu sai gaisuwa, doguwa yadda aka saba, amma in ta ƙare ba abin da ke biyo baya.

Mu goma sha wani abu ne a ƙungiyarmu, mutane suna ce mana 'yan kwalta. Muna da helluma, shugaban leburori ke nan, wani tsoho mai ƙaton murya. Ni aka ba dafawa. Da sassafe zan haƙa murhu a gefen hanya, mu mirgino duro mu sare bakinsa, in hura wuta da itacen ƙirya. Kwalta in ta fara narkewa takan yi wata irin ƙara, tul, tul, kamar tuwon gidan biki. Sai ka san lokacin sauke ta, don in ta wuce wuta za ta kama, in ba ta kai ba kuma ba za ta bi tsakuwa ba. Masu ɗiba su ɗiba da garwa mai hudadden gindi su yayyafa, masu shebur su watsa tsakuwa, sauran mu bi da guntun icce muna daddaɓewa muna waƙa. Ƙafafunmu muna naɗe su da tsumman buhu. Babu wanda bai da tabon ƙuna a cikinmu, kuma da shi muke alfahari. In mun shiga kasuwar Talata ba sai an tambaya ba, warinmu ke riga mu isa, masu fura su fara tsokana tun daga nesa.

A cikinmu akwai Dogo, abokina na ƙut da ƙut. Ɗan wani ƙauye ne a hayin gulbi, bayan Maradun. Shi ne mai ba da waƙa, kuma shi kaɗai ke iya ɗaga duron da ya rage rabi. Da yaƙin basasa ya tashi aka fara ɗaukar soja, yana cikin na farko da suka tafi, bai fi wata biyu da aure ba. Ya dawo hutu sau ɗaya ya koma. A lokacin kalmar kwalta ta sami wata ma'ana a bakin mutanenmu. In ka tambayi tsohuwa ina ɗanta, sai ta nuna titi da haɓa ta ce, "Ya bi kwalta." Ba sai ta ƙara komai ba, ka san ya tafi fagen fama.

Yaƙin bai iso mana da bindiga ba, da rashi ya iso. Abubuwan da ke zuwa daga kudu suka yanke. Ba sabon bokiti, ba kwanon rufi, kananzir sai an sha wuya. Ita kanta kwaltar sai mu yi makonni ba a kawo duro ɗaya ba, ga manyan motoci suna wucewa ba hutu, ɗauke da shanu da hatsi da sababbin sojoji, suna ragargaza hanyar. Helluma yakan tsaya a kaina yana cewa, "Ɗigo guda kar shi hwaɗi ƙasa, yaro." Amma akwai abin da ya bar mana. In an juye duro, abin da ya manne a gindi da gefe namu ne. Mu muka sa masa suna ƙanzo, kamar na tukunya. Sai in ɗora duron a wuta kaɗan, in kankare da ƙarfe in tara a gwangwani.

Wannan ƙanzon ya sa muka zama manyan mutane. Mata su aiko da bokiti mai yoyo, in narka ɗan kaɗan in liƙe da ƙyalle, ya koma aiki. Direbobin soja su tsaya a liƙe musu tamfal ko bakin batir da ya tsage. Fulani su zo neman na shafa wa kofaton saniya in ya yi ciwo, su bar mana nono. Mai gini ya shafa a gindin azara saboda gara. 'Yan gyaɗa su rubuta lamba a buhu da ita. Yara kuwa su saci ɗan guntu su tauna, haƙoransu su yi baƙi, iyaye su bi su da tsumagiya. Har duron ma ba ya zama banza, a buɗe shi a miƙe a yi ƙyauren ƙofa. Yau ka duba bola ka ga abin da ake zubarwa, da a zamaninmu ne da an yi faɗa a kansa.

Wanda ba na mantawa shi ne wani mai kanti da ya ji labarin jirgin sama na jefa bom a manyan birane. Shi kaɗai ke da rufin kwano a unguwarsu, sai ya sa wa ransa cewa ƙyallin kwanonsa jirgin zai hango. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya har ya tara ƙanzo mai yawa, ya hau ya shafe rufin tas. Mun faɗa masa bazara na zuwa, ya ce mu dai ba mu san yaƙi ba. Jirgi bai zo ba, bazara ta zo. Rana tana take sai rufin ya fara zuba ta ramukan ƙusa, a kan sabulu, a kan atamfa, har a kan hularsa. Shekara da shekaru in ya wuce sai wani ya ɗaga kai sama ya ce, "Alhaji, yau dai ba a ga jirgi ba." Shi ma daga baya dariya yake yi.

To, wata rana tsakiyar damina, muna cike rami a bakin gari, sai wata motar soja ta tsaya, wani dogon mutum cikin kaki ya diro. Ban gane shi ba sai da ya ɗaga murya ya ba da waƙarmu. Muka zubar da kayan aiki muka rufe shi. Motar tasu za ta Sakkwato ɗauko kaya, jibi da hantsi za ta dawo ta ɗauke shi a nan. Muna cikin murna sai wani mai sayar da goro, ɗan ƙauyensu, ya matso ya ce, "Dogo, ashe ka ji labari ka zo?"

"Wane labari?"

"Ai matarka ta sauka. Namiji. Gobe suna."

Dogo ya zauna a kan duro, bai ma lura da ɗuminsa ba. Ɗansa na fari ke nan, kuma ko wasiƙar cikin ba ta same shi ba. Sai mai goron ya ƙara da cewa amma fa gulbi ya kawo, kuma jirgin fito ya tsage kwana uku ke nan, ba mai hayewa. Dogo ya dube ni, na dubi helluma. Helluma ya yi kamar yana duba sama, sannan ya ce, "Ni ban ga kowa ba yau da gobe. Ɗauki gwangwanayenka duka." 'Yan'uwa kowa ya kawo ƙanzon da ya ɓoye. Muka ɗaura a keke biyu na aro muka kama hanyar Maradun cikin laka, wani wuri mu hau, wani wuri keken ya hau mu.

Mun isa bakin gulbi da la'asar. Wannan kafin a yi madatsar ruwa ne, gulbin yana da ƙarfinsa, ruwa ja wur yana tafe da itatuwa. Mutane sun fi talatin zaune da kayansu suna jira. Ga jirgin an jawo shi kan yashi, ƙaton icce guda da aka fafe, tsaga ta bi cikinsa ta kai tsawon mutum. Mai fito, wani dattijo, ya ce kututture ne ya buge shi, ya cusa tsumma ya cusa laka duk a banza. Ina zagaya jirgin sai na hangi wani zaune a gindin faru da jakar fata a gefensa. Baba ne. Ya fito yawon ɗinki ƙauyukan hayi, ruwa ya tsare shi. Na je na durƙusa muka gaisa, ina gajiya, ina mutanen gida, ina ruwa, har gaisuwar ta ƙare. Dogo ma ya gaishe shi ya faɗa masa abin da ya kawo mu. Baba ya ce Allah ya raya, ya ci gaba da kallon ruwa.

Na hura wuta na narka gwangwani biyu. Gaskiya ina so Baba ya ga aikina. Na cusa tsumma a tsagar na kwarara kwalta ta kwanta sumul tana ƙyalli, mutane suna ta sa albarka. Da ta huce muka tura jirgin ruwa, mai fito ya shiga da mutum uku don gwaji. Ko sau biyu mai fito bai tura gora ba sai na ji ɗas. Nauyi ya buɗe tsagar, kwaltar ta rabu biyu, ruwa ya yi tsiri. Da kyar suka dawo. Na tsaya da gwangwani a hannu, kunya ta rufe ni, ga kusan rabin ƙanzon ya tafi a banza. Dogo ya juya. Ya tafi bakin ruwa ya fara kwance takalminsa.

"Mi za ka yi?" in ji mai fito.

"Iyo zan yi."

"Wanga ruwa? Wallahi ko ni da aka haifa cikinai ban shiga. So kake a yi suna da zaman makoki rana guda?"

Sai muka ji muryar Baba daga baya. "Soja, maida takalminka." Ya taso da jakarsa, ya durƙusa gaban jirgin, ya bi tsagar da yatsa tun daga farko har ƙarshe, ya yi ɗan tsakin nan nasa. Sannan ya dube ni, karo na farko cikin shekara biyu da ya dube ni sosai. "Kai da na koya ma aiki, ka taɓa ganin an bar baki buɗe an ce a liƙe? Ɗunke shi za a yi tukuna. Sa min ƙarfe a wuta."

Muka kankare kwaltar da na zuba muka mayar gwangwani. Mai fito ya kawo wani dogon ƙarfe, na sa a wuta har ya yi ja, Baba yana nuna wuri da yatsa ina hudawa, rami a wannan gefe, rami a wancan. Ya sa na fara huda ɗaya a can ƙarshen tsagar don kar ta ci gaba, kamar yadda yake yi wa ƙwarya. Matan da ke jira suka zauna suna tufka igiyar kaba. Dogo da wasu ƙarti suka ɗaure jirgin da igiya suka murɗa da sanda har bakin tsagar ya haɗu. Baba yana zura igiya yana ja, ni ina bi ina danne kowane ɗinki da guduma. Ba mu yi wata magana ba sai "ja", "riƙe", "ƙara". Amma hannuna ya tuna duk abin da ya koya mini, kafin ya nema na miƙa. Magariba ta yi mana a ɗinki na ƙarshe, muka yi salla a kan yashi muka shiga Maradun muka kwana.

Da asuba muka dawo. Yanzu kuma aikina ne. Na dafa sauran ƙanzon duka, ina juyawa ina sauraren ƙararsa. Baba ya tsuguna kusa yana kallo. "Ta yaya kake gane ta nuna?" ya tambaye ni. Na ɗaga sanda na nuna masa yadda take zuba kamar zare ba ta yankewa. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe ita ma tana da ilimi." Wallahi har yau in na tuna maganar nan sai in ji sanyi a raina. Muka tsoma tsumma muna cusawa a kowane rami, na bi ɗinkin ciki da waje na shafe. Dogo saboda gaggawa da hannu yake dannawa, yana ƙonewa yana yarfewa. Muka kwara ruwa ta ƙanƙame. Baba ya hana a tura jirgin. Ya sa aka ɗora shi kan duwatsu aka cika cikinsa da ruwa, ya kwanta a ƙasa yana leƙen gindinsa, mutane suna dariya wai gyartai ya sami babbar ƙwarya. Ya daɗe a kwance. Sannan ya taso ya kaɗe rigarsa ya ce, "Ku zubar. Bismillah."

Mu takwas muka shiga zuwan farko. Ruwa ya ɗauke mu ya yi ƙasa da mu, mai fito yana kokawa da gora yana kiran sunan Allah. Ni idona na kan ɗinkin, Baba ma haka. Ko raɓa bai yi ba. Da gindin jirgin ya taɓa yashin hayi, waɗanda muka baro suka ɗauki kabbara har muna jiyowa. Dogo ya yi tsalle ya fita ya kama gudu, soja guda da kaki, mu muna binsa a baya.

Mun shiga ƙauyen an riga an taru a ƙofar gida, liman ya zauna, ga rago a ɗaure. Ba wanda ya san Dogo na ƙasar. Maroƙi ne ya fara ganinsa, ya ƙwala kiran sunansa. Daga nan wuri ya rikice. Mahaifinsa ya miƙe rawaninsa na warwarewa, daga cikin gida guɗa ta tashi ba ƙaƙƙautawa. Da kyar aka natsu aka raɗa suna aka yi fatiha aka raba goro. Aka kawo mana man gyaɗa mu murza hannuwanmu, don ba kananzir. Man gyaɗa kuwa ba ya fitar da kwalta da wuri, sai dai ya narkar da ita ta yi laushi.

Saura abu ɗaya. A wancan zamani mutum ba ya ɗaukar ɗansa na fari a gaban mutane, ko sunansa ba ya faɗa, ko kallonsa ba ya yi. Dogo ya ƙetare gulbi don yaron nan, kuma kafin la'asar dole mu juya, amma ga shi zaune a zaure yana amsa barka yana wani cin magani kamar ba shi aka yi wa haihuwa ba. Wanzami ya gama aski, wata tsohuwa ta fito da jaririn naɗe cikin farin ƙyalle tana nuna wa dattawa. Da ta zo kusa da shi sai ya kau da kai yana kallon azara. Na ga yana satar kallon ƙyallen ta wutsiyar ido.

Baba ma ya gani. Ya karɓi yaron ya yi masa addu'a, sannan ya ce wa tsohuwar, "Hajiya, ga ni har gida. Ki shiga ki ce ma mata duk mai hwasasshiyar ƙwarya ta hiddo, yau kyauta ne albarkacin baƙo." Ta juya da sauri. Ya ce wa sauran mutane su fita su taya fiɗar rago, su bar shi ya huta. Zaure ya rage mu uku. Sai ya miƙa wa Dogo yaron ya ce, "Riƙe min wanga, in ɗauko basillata." Ya jawo ni muka fita muka tsaya a bakin ƙofa muka ba su baya, Baba yana ta laluben jakar da ba abin da ya ɓata a cikinta. Ina jin Dogo a ciki yana magana ƙasa-ƙasa, yana dariya yana jan hanci. Da muka ji tafiyar tsohuwar Baba ya koma ya karɓi yaron, Dogo ya koma kallon azararsa.

Tsohuwar ta shiga da jaririn cikin gida. Ba a jima ba sai muka ji ihu da shewa. Ta dawo da mata a bayanta har bakin zaure, ta ɗaga farin ƙyallen sama kowa ya gani. Ga yatsu nan baƙi ƙirin, biyar a wannan gefe, biyar a wancan, manya-manya.

"Wa yat taɓa min jika?" in ji ta, tana kallon Dogo.

Baba ya ɗaga nasa hannuwan, su ma baƙi, ya ce, "Ni na, Hajiya."

Ta kamo hannun Baba ta ɗora a kan shaidar. Yatsunsa ko rabi ba su kai ba. Zaure ya fashe da dariya, liman har da riƙe ciki. Dogo ya ja hular sojansa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Daga bayan zana muka ji muryar mai jego, ita da bai kamata a ji ta ba ranar, tana cewa, "Inna, kar a wanke shi. Ba ni abina in aje."

Ta kuwa ajiye shi a ƙasan akwatinta. Yana nan har ranar da yaƙi ya ƙare Dogo ya dawo da ƙafafunsa, ya tarar da yaron yana gudu a tsakar gida.